AUNA TSAGA DA HASKE: ILMIN DA ZAI RAGE WA MAIDUGURI ASARAR GINE-GINE DA KAYAN GILASHI

MAIDUGURI: Ambaliyar ruwan da ta auka wa birnin Maiduguri ran 10 ga watan Satumba, 2024, bayan da wani ɓangare na madatsar ruwa ta Alau ya karye, ta raba mutane fiye da 400,000 da muhallansu, ta kuma kutsa cikin Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Gidaje da shagunan da suka rushe nan take an lissafa su cikin asarar da aka tafka. Amma akwai wasu gine-gine masu ɗimbin yawa da suka ci gaba da tsayuwa bayan ruwa ya janye, sai dai ya bar musu tsaga a bango, ko a ginshiƙi, ko a daɓe.

Duk mai irin wannan gini yana fuskantar tambaya mai tsada, watau ko ya rushe ya sake, ko kuwa ya yaɓe ya ci gaba da zama. In ya rushe ginin da lafiyarsa ƙalau, ya yi asarar kuɗi a lokacin da siminti da rodi suka yi tsada. In kuma ya yaɓe tsagar da ke ci gaba da tafiya a ɓoye, to ya sa rayukan iyalinsa cikin haɗari. Amsar tambayar ta dogara ne a kan sanin halin tsaga, kuma da yawa daga cikin abin da masana suka sani game da wannan hali, ta hanyar haske da hoto suka gano shi.

ABIN DA AKE NUFI DA GAUTSI

Injiniyoyi sun kasa kayan aiki kashi biyu. Akwai waɗanda ke lanƙwashewa kafin su karye, kamar rodi da waya da kwanon rufi, waɗanda kan yi wa mai su gargaɗi. Akwai kuma masu gautsi, irin su gilashi da tangaran da tayil da jan bulo da dutse da kankaren da ba a sa masa ƙarfe ba, waɗanda kan ɗauki nauyi mai yawa ba tare da wata alama ba, sa'an nan su dare farat ɗaya. Kankare, alal misali, yana jure danniya ƙwarai, amma ƙarfinsa wajen jure ja bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsa wajen jure danniya ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake sa masa rodi.

Wani injiniya ɗan Ingila mai suna A. A. Griffith shi ya fara bayyana sirrin gautsi a wata maƙala da aka buga a 1921. Ya yi gwaji da gilashi, ya tarar cewa zaren gilashi siriri ya fi kaurin sanda ƙarfi nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da girmansu, domin kuwa babban gilashi cike yake da 'yan ƙananan tsage-tsage da ido ba ya gani. Nauyin da aka ɗora wa abu yakan taru ne a bakin tsaga, kuma lissafin Griffith ya nuna cewa idan tsawon tsaga ya ninka sau huɗu, ƙarfin abin yakan ragu da rabi. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma haka abin yake ga karyewa. Mai yankan gilashi da mai shimfiɗa tayil suna aiki da wannan ilmi kullum, ko da ba su san sunan Griffith ba: sukan ja layi da abin yanka, su ɗan danna, sai abin ya rabu daidai kan layin.

Duniya ta ɗauki maganar da muhimmanci ne a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da jiragen ruwan da Amurka ta ƙera cikin gaggawa suka riƙa tsagewa a ruwan sanyi. A watan Janairu, 1943, wani jirgin dakon mai sabo fil, mai suna Schenectady, ya rabu biyu yana tsaye a tashar Portland. A 1957 George Irwin, masani a ɗakin binciken sojan ruwa na Amurka, ya fito da ma'auni guda na tsananin jan da ke bakin tsaga, wanda aka yi wa laƙabi da harafin K. Kowane abu yana da iyakar K da zai iya jurewa, kuma iyakar ƙarfen gini ta ninka ta gilashi sau 50 ko fiye. Muddin K bai kai iyaka ba, tsaga tana kwance, ko kuwa tana rarrafe a hankali. Da zarar ya kai, sai ta zabura.

GUDUN DA IDO BA YA KAMAWA

Idan tsaga ta zabura a cikin gilashin taga, takan yi gudun kimanin mita 1,500 a daƙiƙa guda, watau fiye da ninki huɗu na gudun sauti a cikin iska. Da a ce akwai gilashi shimfiɗe daga Maiduguri zuwa Kano, tafiyar kimanin kilomita 600, da tsagar ta isa cikin ƙasa da minti bakwai. Kyamarar talabijin mai ɗaukar hoto 25 a daƙiƙa ba za ta ga komai ba, domin tsakanin hoto ɗaya da mai bi masa tsagar ta riga ta yi tafiyar mita 60. Haka nan ƙaramar na'urar auna ja da aka manna a jikin abin za ta auna wuri ɗaya ne kawai, alhali kuwa bakin tsagar yana gudu. Haske kuwa yana da saurin da zai riske ta, kuma yana auna fili gaba ɗaya ba tare da ya taɓa abin ba.

Jamusawa biyu, Carl Cranz da Hubert Schardin, su suka share hanya a 1929, lokacin da suka ƙera wata kyamara wadda ba ta da wani ɓangare mai motsi. Sun jera tartsatsin lantarki da yawa, galibi 24, kowanne da nasa gilashin ɗaukar hoto, suna walƙawa ɗaya bayan ɗaya da tazarar da ke iya kaiwa kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa. Da wannan na'ura Schardin ya ɗauki hoton tsaga tana gudu a gilashi, ya kuma auna saurinta. A yau akwai kyamarori masu aiki da kwamfuta da ke ɗaukar hoto miliyan 5 zuwa miliyan 10 a daƙiƙa, ko da yake na ɗan taƙaitaccen lokaci.

HANYOYI UKU NA KARANTA HOTON

Ganin tsaga tana gudu bai wadatar ba, sai an san yawan jan da ke tura ta. Hanya ta farko, kuma mafi daɗewa, ta samo asali daga David Brewster na ƙasar Sikotland, wanda ya gano wajen 1816 cewa gilashin da aka matsa yakan sauya halin hasken da ya ratsa shi. Akan sa abin gwaji tsakanin wasu matatun haske guda biyu, waɗanda ke barin hasken da ke kaɗawa ta fuska ɗaya kawai ya wuce. Da zarar an ɗora nauyi, sai zane-zane masu launin bakan gizo su bayyana, kuma inda suka cunkushe nan ne ja ya fi tsanani. A bakin tsaga sukan yi kama da fikafikan malam-buɗe-littafi, kuma daga girmansu da karkatarsu ake lissafa K. A 1958 Wells da Post suka ɗauki irin wannan hoto a karon farko ga tsagar da ke cikin gudu. Tun da kankare ba ya barin haske ya ratsa shi, akan yi samfurin gada ko madatsa da roba mai haske, a gwada shi, sa'an nan a mayar da sakamakon kan ginin gaske ta hanyar lissafi.

Hanya ta biyu ita ce ta inuwa, wadda Peter Manogg ya fito da ita a birnin Freiburg na Jamus a 1964. Saboda tsananin ja, wurin da ke kewaye da bakin tsaga yakan ɗan sirance, sai ya zama kamar gilashin tabarau mai watsa haske. Idan aka haska fitila ta bayan abin, aka tara allo a gaba, sai a ga baƙin ɗigo kewaye da zobe mai ƙyalli. Faɗin zoben kaɗai ake aunawa, kuma idan ya ninka sau biyu, to K ya ƙaru fiye da ninki biyar da rabi. Da wannan hanya Kalthoff da abokan aikinsa suka nuna a shekarun 1970 cewa lissafin da aka yi wa abu a tsaye ba ya dacewa da tsagar da ke gudu ko wadda ta tsaya yanzu-yanzu, domin girgizar da ke kai da komo a cikin abin tana ƙara wa bakin tsagar ja ko ta rage.

Hanya ta uku, wadda ta fi yaɗuwa a yau, an fara ta ne a Jami'ar South Carolina ta Amurka a farkon shekarun 1980, ta hannun Peters da Ranson da Sutton. Akan fesa wa fuskar abin farin fenti, a yayyafa masa baƙaƙen ɗige-ɗige barkatai kamar jikin zabuwa, a ɗauki hoto kafin a ɗora nauyi da kuma bayan an ɗora. Kwamfuta sai ta kwatanta hotunan, ta gano inda kowane gungun ɗige-ɗige ya gusa, har motsin da bai kai ɗigon hoto guda ba. Fifikon wannan hanya shi ne tana aiki a kan kankare da bulo da dutse kai tsaye, tana kuma nuna wurin da tsaga za ta ɓullo tun kafin ido ya gan ta. Bugu da ƙari, ba ta buƙatar kyamara mai tsada sai idan tsagar mai gudu ce.

ABIN DA AKA KOYA

Darasi na farko shi ne cewa gudun tsaga yana da iyaka. Idan aka ƙara mata ƙarfi, maimakon ta ƙara sauri sai ta yi rassa. Jay Fineberg da abokan aikinsa a Jami'ar Texas sun nuna a 1991 cewa a cikin roba mai gautsi tsaga takan fara tangaɗi tun tana kimanin kashi 40 cikin 100 na saurin da lissafi ya yarje mata. Sabili da haka fuskar abin da ya karye tana riƙe da tarihinsa: kusa da mafari takan yi sumul kamar madubi, daga nan ta yi hazo, sa'an nan ta yi kaushi. Mai bincike na iya bin wannan sawu har inda karayar ta soma, ya kuma ƙiyasta nauyin da ya jawo ta. Wannan yana da amfani wajen sasanta rigima tsakanin mai saye da mai sayarwa, ko tsakanin ɗan kwangila da kamfanin inshora. Gilashin da zafi ya fasa, alal misali, tsagarsa takan taso daga gefe a miƙe, alhali wanda dutse ya buga yakan yi rassa daga wurin bugun.

Na biyu, danshi yana taimakon tsaga. Sheldon Wiederhorn na hukumar ma'aunai ta Amurka ya nuna a 1967 cewa tururin ruwa yana sa tsagar gilashi ta riƙa rarrafe ko da nauyin bai kai iyaka ba, har ranar da za ta kai tsawon da za ta zabura. Wannan ne ya sa abu kan fashe ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Na uku, ana iya hana tsaga tafiya, ko dai ta hanyar matse fuskar abin, kamar yadda ake yi wa gilashin gefen mota wanda kan farfashe ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa, ko kuwa ta hanyar sa zaren da zai ɗinke bakunanta biyu. Maginan gargajiya da ke cuɗa ƙasa da ciyawa kafin su yi tubali sun daɗe a kan hanya ta biyu.

INDA BORNO TA SHIGO

Jihar Borno tana da dalilan tsagewa da suka keɓanta da ita. Daga gabashin Maiduguri zuwa Dikwa da Marte da Ngala, ƙasar baƙar laka ce da ake kira firki, wadda ake noman masakwa a kanta. Tana kumbura idan ta sha ruwa, tana kuma tsukewa ta dare da rani, don haka harsashin gini da kwalbati da kwalta suna hawa suna sauka kowace shekara. Hanyar Maiduguri zuwa Dikwa da Gamborun Ngala ta daɗe tana shan wannan wahala, kuma Cibiyar Binciken Gine-gine da Hanyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1978, ta yi bincike a kan irin wannan ƙasa. Har ila yau, zafin birnin kan haura digiri 40 a watan Afrilu, ya kuma faɗi ƙasa da digiri 15 da dare a lokacin hunturu, abin da ke sa kankare da gilashi su miƙe su tsuke ba hutawa.

Akwai kuma sabuwar dukiya mai gautsi a kan rufin gidaje. Tun daga watan Janairu, 2021, lokacin da aka lalata turakun layin lantarkin da ya taso daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, kuma kafin a buɗe tashar lantarki mai aiki da iskar gas mai ƙarfin megawat 50 a watan Maris, 2023, 'yan kasuwa da asibitoci da gidaje da dama sun koma ga farantan hasken rana. Ƙwayoyin da ke cikin farantin sirara ne ƙwarai, kaurinsu bai kai rubu'in milimita ba, kuma tafiyar fiye da kilomita 1,500 daga tashar jiragen ruwa ta Legas a bayan babbar mota na iya tsattsaga su ba tare da gilashin saman ya nuna komai ba. A 2005 Takashi Fuyuki da abokan aikinsa a Japan suka bayyana hanyar gano haka: akan tura wa farantin lantarki a cikin duhu, sai ya fitar da wani haske da ido ba ya gani amma kyamara ta musamman tana gani, kuma duk wurin da ya tsage yakan fito baƙi. Masana'antun faranti suna yin wannan gwaji a yau, kuma babban mai saye yana da ikon neman a yi shi bayan an sauke kaya, kafin ya biya.

Game da madatsar Alau, wadda aka kammala a 1986 a kan kogin Ngadda, kimanin kilomita 20 daga birnin, ya kamata a bambance abu biyu. Jikin irin wannan madatsa ƙasa ce da aka tara aka danne, kuma lalacewarta kan zo ne ta hanyar tsiyayar ruwa da zaizaya ko ambaliya ta sama. Amma mashigar ruwa da ƙofofi na kankare ne, kuma su dokar gautsi ke hukunta su. Haske yana da aiki a ɓangarorin biyu. Ana iya bin diddigin tsagar kankare ta hanyar kwatanta hotuna, ana kuma binne zaren gilashi mai ɗaukar haske a jikin madatsar ƙasa, wanda ke auna zafi a tsawonsa duka, ya nuna wurin da ruwa ya fara tsiyaya. Ƙasashe da dama na Turai sun daɗe suna amfani da shi. Tun da birnin ya ga ambaliya daga Alau a 1994 da 2024, Kano kuma ta ga karyewar madatsar Bagauda a 1988, kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a watan Fabrairu, 2025, da kashe Naira miliyan dubu 80 wajen sake gina Alau, kuɗin irin waɗannan na'urori da na horar da masu lura da su ƙalilan ne idan aka kwatanta da jimillar aikin.

ABIN DA AKE IYA YI DA KUƊI KAƊAN

Kyamarar da ke ɗaukar hoto miliyan guda a daƙiƙa kayan ɗakin bincike ce, kuma mai gida a Gwange ko Bulabulin ba ya buƙatar ta. Sakamakonta ya riga ya shiga littattafan injiniyoyi. Ƙa'idojin Birtaniya da injiniyoyin Nijeriya suka daɗe suna aiki da su sun ƙayyade faɗin tsaga a kankare mai rodi a kan kashi 3 cikin 10 na milimita, a ginin da ke riƙe ruwa kuwa kashi 2 cikin 10. Game da bangon gida, jagorar hukumar binciken gine-gine ta Birtaniya ta ɗauki tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba a matsayin mai sauƙi, ta milimita 5 zuwa 15 matsakaiciya, wadda ta haura milimita 25 kuwa mai tsanani ƙwarai da ke iya buƙatar sake wani ɓangare na ginin.

Faɗi kaɗai bai isa a yanke hukunci ba, sai an san ko tsagar tana motsi. Tsohuwar dabara ita ce a manna ɗan siririn gilashi a gicciye a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe. In ya fashe, bangon yana tafiya. Wadda ta fi ta ita ce a kafa alama biyu, ɗaya a kowane gefe, a ɗora rula, a riƙa ɗaukar hoto da wayar hannu daga wuri guda kowane mako, tun daga damina har ƙarshen rani. Tsagar da ke buɗewa da rani ta rufe da damina tana nuna aikin laka ne a ƙarƙashin harsashi. Wadda ke ƙara faɗi ba ja da baya, ko wadda ta ratsa ginshiƙi ko dogarin rufi, ko wadda ta zo tare da karkatar bango, tana buƙatar a fitar da mutane a kira injiniya mai rajista ba tare da jinkiri ba.

Mai sayen gilashi shi ma yana da nasa gwajin. Tabarau mai tace haske, irin wanda direbobi ke sawa, yakan nuna ɗige-ɗige ko layuka a jikin gilashin da aka gasa aka ƙarfafa, waɗanda ba a gani a gilashin taga na yau da kullum. Haka kuma gilashin da aka ƙarfafa ba ya yankuwa, saboda haka duk wanda aka yanka a gabanka a shago ba shi ba ne.

Saura aikin hukuma da makarantu. Tsangayar injiniya ta Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ramat suna yaye matasa kowace shekara, kuma hanyar kwatanta hotuna ba ta buƙatar fiye da kyamara mai kyau da fenti da kwamfuta, tun da akwai manhajojinta na kyauta. Gwajin bulon da ake bugawa a birnin, da sa ido a kan gadoji da makarantu da asibitocin da ruwa ya shiga a 2024, aiki ne da zai ba ɗalibai horo, ya ba gwamnati da bankuna da masu gidaje alƙaluman da za su dogara a kansu kafin su kashe kuɗi. Watannin rani, lokacin da laka ke tsukewa, su ne suka fi dacewa a fara ɗaukar hoton farko, domin a sami abin kwatantawa kafin ruwan damina ya sauka.